Ɓeraye Goma Sha Huɗu Da Ba Sa Barcin Rana

Ranar Litinin da safe aka ɗora ɓerayen a sikeli ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi waɗanda ake ba garin rage ƙiba sun fi waɗanda ba a ba komai ƙiba. Ba ɗan fi ba, fi na rashin kunya. Da aka zazzage garin katakon da ke shimfiɗe a kejinsu, sai ga jan ɓawon gyaɗa yana zubowa. To ɓeran da ke kulle a keji dai ba ya zuwa kasuwa. Wani ne ke shiga yana ba su.

Ɓeraye arba'in ne a ɗakin gwajin wata cibiyar bincike. An fara ɗura musu abinci mai maiƙo har suka yi tiɓis, sannan aka raba su biyu. Ashirin ana barbaɗa musu wani koren gari na ganye da 'ya'yan itace wanda wani Farfesa na cibiyar ya haɗa, ashirin kuma abincinsu kawai. Mako goma sha biyu aka ɗiba don a ga ko garin yana rage ƙiba da sukarin jini, ga shi an shiga na goma. Wannan ne gwajin ƙarshe na Auta, ɗalibar Farfesa, wadda ta shekara huɗu tana bin digirin digirgir kamar mai bin kaza a fili.

Kafin rana ta take kowa a cibiyar ya zama alƙali. Masu share ofis sun ce mai awon ɓerayen ne, direbobi sun ce mai shara ce, amma Farfesa bai tsaya jin ta bakin kowa ba. Ya rubuta wa kwamitin ladabtarwa cewa Auta ce. Hujjarsa ita ce, wata guda da ya wuce ta gaya masa a gaban mutane cewa garin nasa kaɗan yake ragewa, kuma abin da sikeli ya ce shi za ta rubuta. Wai don ta nuna ita ce mai gaskiya ta koma tana ɗura wa dabbobin gyaɗa. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis. In suka yarda da Farfesa, kora ce, kuma babu digiri har abada.

Da yamma ta iske mahaifinta a tsakar gida yana gyaran rediyon da ya fi ta shekaru. Mai Sawu ake ce masa. Shekara talatin ya yi yana bin sawun dabbobin sata, kuma ana faɗin cewa in ya dubi ƙasa zai gaya maka ɓarawon gurgu ne ko ƙaya ce ta soke shi. Yanzu ya ajiye aikin, gwiwa ta ƙi, haƙuri ma ya ƙi.

"Ɓeraye?" in ji shi. "Ni da na dawo da raƙuma tara daga bayan dutse, yau ɓera za ki kai ni in bi?"

"Ba ɓera za ka bi ba, Baba. Mutum za ka bi."

"Shekara huɗu kina ciyar da abin da uwarki ke bi da taɓarya. Na yi magana? Ban yi ba. Yanzu kuma an ce kin ba su gyaɗa." Ya yi tsaki mai tsawo. "Kin ba su?"

Ta dube shi kawai, idanun nan sun kumbura. Shi kuwa duk faɗansa bai taɓa iya kallon yarinyar nan tana kuka ba. Ya ture rediyon gefe, ya ce ta goge masa takalminsa na fita.

*

Shugabar kwamiti ta yarda ya shiga, da sharaɗin kada ya taɓa komai. Talata da safe Auta ta kai shi ƙofar ɗakin, nan fa ransa ya fara ɓaci. Aka cire masa takalmin da aka kwana ana gogewa, aka ba shi na roba mai dogon wuya. Aka saka masa farar riga da hular leda. Aka sa shi ya taka wani faranti mai ruwan magani. Da ya shiga ya dubi ƙasa, sai ga tayil fari fat yana sheƙi.

"Sau nawa ake goge nan?"

"Sau biyu a rana, Baba."

"Takalmin nan fa, kowa da nasa?"

"A'a, iri ɗaya ne, wanda ka samu shi za ka zura."

"Madalla. Kun goge ƙasa, kun sa wa kowa ƙafa ɗaya, sannan kun kira mai bin sawu. Allah ya ƙara ilimi."

Kanta biyu ce a ɗakin, ɗaya jikin taga, ɗaya kusa da ƙofa, kowace hawa uku. Keji bakwai a sama, bakwai a tsakiya, shida a ƙasa, kowane da ɓera ɗaya fari mai jan ido. Babu abin da aka rubuta a jikin kejin sai lamba, don kada mai awo ya san wanne ke cin garin ya yi son kai. Auta ta nuna masa kantar ƙofa, ta ce su ne masu cin garin, kuma su aka lalata. Masu makullin ɗakin huɗu ne: ita, da mai shara, da mai awo, da Farfesa, wanda ya ce rabonsa da ɗakin tun ranar da aka fara gwajin.

Mai sharar ce ya fara nema. Wata gajeriyar dattijuwa ce da kowa ke kira Iya. Ya same ta a ɗakin wanke keji, ta duƙa tana dirzar wani faranti. Ko da ta ɗago ta ga baƙuwar fuska sai ta fashe da kuka tun bai ce uffan ba.

"Na sani ni za a ɗora wa. Wallahi ban ba su ba. Hira kawai nake musu."

"Hira? Da ɓeraye?"

"To bayin Allah ne, an kulle su. Lamba tara ma yana jin sunansa."

"Baiwar Allah, mene ne wannan a ƙullin zaninki?"

Ta kwance. Gyaɗa ce soyayya. Mai Sawu har ya fara cewa a ransa aiki ya ƙare tun kafin a sha ruwa. Sai Iya ta ce a bakin ƙofar cibiyar ake sayar da ita, kowa yana saye. Ya fita ya duba da idonsa. Maigadi na ci, direbobi na ci, sakatariya na ci, wani malami mai gemu yana tafe yana watsawa a baki. A kwandon shara huɗu da ya leƙa babu wanda babu ɓawon gyaɗa. Ya tsaya a baranda ya riƙe ƙugu, yana jin kamar ya zazzage wa duk cibiyar rashin mutunci.

*

Da la'asar ya samu abin da ya yi kama da sawu. A bakin ɗakin ajiya, inda tsumman Iya ba ya kaiwa, akwai ɗigon koren gari. Taku uku gaba, ga wani a jikin bango. Ya bi shi a hankali, hannu a baya, har ya kai shi ga wata lokar ƙarfe ta ajiye kaya a ɗakin sauya kaya. Lokar mai awo ce, wani siririn magidanci da ake kira Dogo, wanda sai ya sunkuyar da kai yake shiga ƙofa.

"Buɗe," in ji Mai Sawu.

Dogo ya buɗe, sai ga kwalbar man shafawa cike da garin Farfesa. Nan take ya zube ƙasa, ya naɗe dogayen ƙafafun nan kamar tabarma.

"Baba, ka rufa mini asiri. Ba na ɓerayen ba ne, ragowar da ke manne a buhu nake kankarewa. Uwargida ce ta matsa. Tun da ta ji muna da garin rage ƙiba ban sake samun zaman lafiya a gida ba."

"Kai yanzu abin da ba a gama gwadawa a kan ɓera ba shi kake ba uwar 'ya'yanka?"

"Cokali ɗaya ne da safe."

"Ta rame?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Ta dai ce jikinta ya yi sauƙi. Ni ban ga canji ba, amma ban isa in faɗa ba."

Mai Sawu ya dube shi sama da ƙasa. Ɓarawo ne, amma ba ɓarawon da ake nema ba. Mutumin da ya yarda da garin har yake ba matarsa, me zai kai shi ya ɓata gwajinsa? Ya ce masa ya mayar da kwalbar, ya kuma daina gwaji a kan matar mutane. Yini guda ya tafi a banza, saura ɗaya.

A gida ya kasa cin abinci. Uwar Auta ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce mata gidan mahaukata ne masu farar riga. Auta tana can ɗaki tana jera takardunta a kwali, kamar wadda ta riga ta san hukuncin. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

*

Laraba ya canza dabara. Tun da mutane sun goge sawunsu, ya ce bari ya tambayi dabbobin. Ya sa aka kawo masa kujera, ya zauna a tsakiyar ɗakin tun ƙarfe takwas, ya ce kada wanda ya shigo. Abin da ya sani tun yana saurayi shi ne, dabba ba ta da agogo amma ba ta makara. Inda ta saba samun abu, da lokacin da ta saba samu, nan za ka gan ta.

Ɓera dai da rana barci yake yi. Haka ya zauna yana kallon ƙwallaye arba'in na farin gashi suna numfashi. Wari ya cika masa hanci, hular leda ta jiƙa masa kai da gumi, bayansa ya ƙage. Sha ɗaya ta wuce. Sha biyu ta wuce. Ƙarfe ɗaya ya ji ma'aikata suna fita, suna tsallaka titi zuwa gidan cin abinci, ginin ya yi tsit. Har ya fara gyangyaɗi yana zagin kansa da ya biye wa yarinya.

Ɗaya da rabi sai ya ji motsi. A kantar ƙofa wani ya tashi ya yi miƙa. Sai na kusa da shi. Kafin minti biyu ɓerayen hawan sama da na tsakiya duk sun farka, suna kai da komo a bakin keji, suna ɗaga hanci wajen ƙofa. Ya ƙirga, goma sha huɗu. Na kantar taga ko kunne ba su kaɗa ba.

Na hawan ƙasa fa? Ya tashi ya je ya duba. Ya dafa kanta ya fara duƙawa, gwiwa ta ce ƙas, ya yi salati, ya ƙara sunkuyawa da ƙyar. Shidan nan suna ta sharar barcinsu. Yana nan a rabin duƙo, yana neman yadda zai miƙe, abin ya faɗo masa. Ya yi dariya shi kaɗai, dariyar da ba ta da daɗi.

Ya aika aka kira Auta da littafin awo. Ya ce ta karanta masa nauyin shidan ƙasa su kaɗai. Ta karanta, ta tsaya, ta sake karantawa.

"Baba, waɗannan ba su ƙaru ba. Mun haɗa duka ashirin ne muka raba, shi ya sa ba mu lura ba."

"Kun haɗa kun raba. To sannunku." Ya share gumi. "Wa ke zama a ginin nan in an tafi cin abinci?"

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta rufe. Ya ga fuskarta ta canza. Ya ce kada ta faɗa, ta je ta ci gaba da aikinta.

*

Mai Sawu bai nemi Farfesa ba, Farfesa ne ya aiko a kira shi. Ofis ne mai sanyi, da labule mai kauri da hotunan taro a bango. Mai ofishin babban mutum ne mai tumbi, ya cika kujerarsa dam, da matashi a bayansa. Yana da wata ɗabi'a, ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, ƙaƙƙarfa, kamar mai shirin jawabi a gaban dubu.

"Ehem, ehem. Dattijo, an ce ka yini da dabbobinmu. Ka samu wani abu?"

"Na samu ciwon baya, ranka ya daɗe."

Farfesa ya yi murmushi, ya miƙa hannu zai ɗauki biro, biron ya gangara ya faɗi ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya dubi biron, ya dubi Mai Sawu, ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wani. Mai Sawu ya kawar da kai kamar bai gani ba, amma Farfesa ya san ya gani.

"Ehem, ehem. Bari mu yi magana ta manya. Na yi fushi ranar Litinin, na yi gaggawa. 'Yarka yarinya ce mai ƙoƙari. Na yi tunani, mai yiwuwa tsohuwar nan ce, mai shara. Kowa ya san tana tausayinsu, kuma an ga gyaɗa a jikinta. Gobe sai in janye takardata. A sallami tsohuwa cikin mutunci. Mu ɗauki awon makonni shida na farko, waɗanda ba su da matsala, 'yarka ta rubuta, in sa hannu. Kafin ƙarshen shekara ka zo ka ga an saka mata hula."

"In kuma ba tsohuwar ba ce fa?"

"To ka sani, ɗaliba ba ta tsayawa in malaminta ya faɗi. Duk aikin da ta yi shekara huɗu, sunana ne a kai. In aka ce sunan nan ya ɓaci, takardunta ko ƙunshin gishiri ba za su yi ba. Ba barazana nake maka ba, yadda tsarin yake ke nan. Ka je ka yi shawara da ita."

Mai Sawu ya fito. Gaskiya mutumin ya faɗa, wannan ne abin haushin. A ƙarshen baranda ya hango Iya ta duƙa tana goge ƙasa, tana 'yar waƙarta. A ɗaya gefen ga Auta tana jiransa da jaka a kafaɗa. Ta tambaye shi me Farfesa ya ce. Ya ce gaisawa kawai suka yi.

*

Ranar Alhamis ya roƙi Shugabar kwamiti alfarma ɗaya, a yi zaman a ɗakin ɓeraye, ƙarfe ɗaya da kwata. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce a shekara ashirin ba a taɓa kai ta zama inda ke wari haka ba, amma ta yarda. Aka jeru cikin farar riga da hular leda: Shugaba da mutum biyu na kwamiti, Auta, Iya tana share hawaye, Dogo yana kallon silin, sai Farfesa a bakin ƙofa ya sha mur.

"Ranki ya daɗe, ina so kowa ya yi shiru ya kalli kantar nan," in ji Mai Sawu.

Aka yi shiru. Ɗaya da rabi ta cika, goma sha huɗun nan suka farka suka fara zirga-zirga. Ya bayyana musu abin da ya gani jiya: mai ba su gyaɗa yana zuwa ne lokacin da kowa ya tafi cin abinci, kuma bai taɓa ba na hawan ƙasa ba. Sannan ya ce kowane mai makulli ya zo ya jawo keji ɗaya daga ƙasa. Auta ta tsuguna ta jawo. Iya ta jawo ko numfashi ba ta sauya ba. Dogo ya naɗe ya jawo biyu don neman suna.

"Saura Farfesa."

"Wannan wasan yara ne," in ji Farfesa. "Kowa ya san ina da ciwon baya. Ciwon baya laifi ne? Na faɗa na ƙara, rabona da ɗakin nan mako goma. Dabbobin nan ba su san ni ba, ban san su ba."

"To ranka ya daɗe, matso ka yi wa kwamiti bayani da kyau, ba sa jin ka daga can."

Farfesa ya tako tsakiyar ɗaki a fusace, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa.

"Ehem, ehem!"

Kai, abin sai wanda ya gani. Goma sha huɗun nan suka ruga bakin keji a tare, suka miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, suka zuro hannuwa ta tsakanin waya suna tsuwa. Sauran ashirin da shida ko motsi. Iya ta ce "La ilaha!" ta dafe ƙirji. Ɗaya daga cikin 'yan kwamiti ya toshe baki da hannu. Yatsan Farfesa ya tsaya a sama, ya rasa inda zai kai shi.

Shugaba ta cire tabarau. "Amma ban gane ba. Garinsa ne. Wani kamfani na jiran sakamakon nan don ya buga sunansa a gwangwani. Don me zai ɓata nasa?"

"Ni ma abin da ya hana ni barci ke nan, ranki ya daɗe. Auta, ranar da aka fara, masu cin garin a wace kanta suke?"

"Ta taga, Baba."

"Na ƙofa fa?"

"Waɗanda ba a ba komai."

"Yaushe suka sauya wuri?"

"Mako na shida. Ƙa'ida ce, a tsakiyar gwaji ana musanya su, don kada zafin taga ya shafi ɓangare ɗaya kawai. Lokacin Farfesa ya tafi taro."

"Kin gaya masa da ya dawo?"

"Ban ga dalili ba. Shi ya rubuta ƙa'idar."

Mai Sawu ya juya ga kwamiti. Ya ce Farfesa ya dawo daga taro, yarinya ta gaya masa garin kaɗan yake ragewa. Sai ya ga in ba a iya ramar da waɗannan ba, ai ana iya ƙara wa waɗancan ƙiba, bambanci ya fito. Ya shigo da gyaɗarsa ya nufi kantar ƙofa, inda ya bar marasa gari tun ranar farko. Bai duba lamba ba, bai tuna dokar da ya rubuta da hannunsa ba. Mako uku yana kiwon nasa ɓerayen da kansa. Da sikeli ya tona ranar Litinin, sai ya nemi wanda zai ɗora wa.

Farfesa bai ƙara gyaran murya ba. Ya cire hular ledar ya fita, takalmin roba yana ƙara a kan tayil.

Shugaba ta daɗe tana rubutu. Da ta ɗago, Auta ta kalla, kuma muryarta ta yi laushi. Ta ce sunanta ya fita tas, za a ba ta takarda a kan haka. Amma mutumin da ya yi wannan, babu wanda zai sake yarda da wani awo da aka yi a ƙarƙashinsa, na bana ko na shekarun baya. Za a soke duka. Za a nema mata wani malami, da wasu ɓerayen, ta fara daga farko. Shekara uku, in an yi sauri.

*

A tashar mota suka tsaya su biyu, rana tana dukansu. Iya ta biyo su har bakin titi tana sa albarka, da ƙyar ta koma. Auta ta rungume jakarta, ba ta kuka, kuma wannan ya fi kukan tayar masa da hankali.

"Shekara huɗu, Baba," ta ce. "Da na san haka za ta ƙare."

Da ya yi shiru da ya wuce. Amma bai iya riƙe abu a ciki ba, bai taɓa iyawa ba.

"Ni na sani. Tun jiya."

Ya gaya mata duka, yadda Farfesa ya ce a ɗora wa Iya, a ɗauki makonni shida, a saka mata hula kafin ƙarshen shekara. Tana saurare tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

"Ya ce ka yi shawara da ni?"

"Ya ce."

"Ka ce mini gaisawa kuka yi."

"Na ce."

"Aikina ne, Baba. Rayuwata ce. Don me ba ka tambaye ni ba?"

Ya dubi titi, ya dubi hannunsa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tsare ɓarayi da ido, yau ya kasa kallon 'yarsa.

"Tsoro na ji."

"Tsoron me?"

"Abin da za ki ce."

Mota ta taho tana rage gudu. Sai a lokacin hawayen suka zubo.

"Da na ce e," ta ce a hankali. "Wallahi Baba da na ce e. Da yanzu Iya tana gida, ni kuma ina murna. Ka san haka, shi ya sa. Kuma zan daɗe ban yafe maka ba, saboda ka san hakan."

Ta riga shi shiga. Akwai wuri biyu a gaba, amma ta wuce can baya ta zauna ita kaɗai, ta juya fuska ga taga. Ya zauna a gaba, bai waiwaya ba har suka isa gida.